Rami a Bakin Layin Dogo

A garin nan idan kafinta ya ce maka ƙofarka za ta kammala ranar da fim ɗin Darakta zai fito, to kada ka ɓata bakinka, nemi labule kawai ka rataya. Shekara shida ke nan ana jiran fim ɗin, har ya zama abin zolayar juna a kasuwa. Darakta ya san da shi ake. Yana ji yana wucewa da jakar kyamararsa a kafaɗa, wani lokaci ma ya taya su dariyar. Amma abin yana cinsa, ci ba na wasa ba.

Sunan ma da tsiya aka laƙaba masa, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Yana saurayi ya yi shekara biyu a babban birni yana ɗaukar wa masu shirya fim wayoyi da fitilu, sai ciwon mahaifinsa ya dawo da shi gida. Tsohon ya rasu, aure ya zo, haihuwa ta zo, komawa ta gagara. Ya kama wani ɗan shago tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, yana ɗaukar hoton fasfo da bidiyon biki da na ranar raba kyaututtuka a makarantu. Da wayoyi masu kyamara suka cika hannun mutane, wannan ma ya ja baya. Garin ba silima, ba ɗan wasa ko ɗaya, kuma in gilashin kyamara ya samu matsala sai ka yi tafiyar wuni guda kafin ka ga mai gyara. Wanda yake riƙe masa sandar makirufo ma amininsa ne tun na ƙuruciya, Mai Aski, shi ma sai ranar da ba ciniki.

Labarin fim ɗin ba shi da tsawo. Wata yarinya ce ubanta ya hau jirgin ƙasa ya tafi neman aiki, ita kuma kullum sai ta je tasha ta tsaya jikin wani turken ƙarfe a ƙarshen dakali tana jiransa. A fitowar ƙarshe jirgi zai taho, ta ɗaga hannu, jirgin ya wuce bai tsaya ba. Shi ke nan. Yarinyar da ya saka kuwa 'yarsa ce ta cikinsa, ita kaɗai Allah ya ba su. A lokacin shekararta bakwai, ta yi famfarar haƙoranta biyu na gaba, shi ya sa har yau kowa Giɓi yake ce mata, duk da haƙoran sun daɗe da tsirowa.

Cikin wata biyar ya ɗauki fitowa arba'in da ɗaya cikin arba'in da biyu. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta ga masu dariya, aikin ya yi kyau. Saura ta ƙarshe. A lokacin jirgi yana ratsa garin duk Laraba da Asabar, da ya so da tun makon farko ya ɗauke ta. Mai Aski ya ce masa, "Ga jirgi ga yarinya, ka ɗauka mana mu huta." Darakta ya ce a'a. A nasa tsarin fitowar ƙarshe ita ake ɗauka a ƙarshe, sai yarinyar ta gaji da jira da gaske, gajiyar ta fito a idonta. Har hana ta zuwa tasha ya yi a ranakun jirgi, don kada idonta ya saba da shi. Ya sa rana, Asabar ɗin ƙarshen wata. Ana saura kwana huɗu aka tafka wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta tafi da gadar da ke gaba da garin, jirgi ya daina zuwa. Aka ce wata uku za a gyara, kuma wata ukun nan ne ake ciki har yau.

Ba irin shawarar da ba a ba shi ba. Wasu suka ce ya je wani garin ya ɗauko jirgi ya liƙa. Mai gyaran waya ya ce akwai yaran da za su zana masa jirgi a kwamfuta har da hayaƙi. Darakta ya ce shi ba ya sayar da ƙarya. Dole a ga yarinya da turke da jirgi a hoto guda, ba yanka, ba haɗi. Taurin kai ne, kowa ya faɗa masa, amma shi abin da ya rage masa ke nan da zai nuna ya bambanta da mai ɗaukar bidiyon biki.

To jirgi dai ya tsaya, amma yarinya ba ta tsaya ba. Turken nan yana da farin fenti da ya zagaye tsakiyarsa. A duk fitowar da aka ɗauka a wurin, kan Giɓi yana ƙasan fentin da yatsu huɗu. Duk bayan 'yan watanni sai ya goya ta a babur su je tasha, ya jingina ta da turken, ya ja da baya ya duba. A shekara ta biyu kanta ya taɓa fentin. A ta huɗu fentin yana daidai haɓarta. Ajiyar zuciya kawai yake yi ya tayar da babur. Ita kuma ba turken take kallo ba, fuskarsa take kallo.

Sai maganar riga. A fim ɗin Giɓi riga ɗaya take sawa, ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni kore. Matarsa tela ce, ita ta ɗinka, kuma da yake Darakta ya san aikinsa bandir guda ya sayo na yadin. Duk shekara sai ta sake yanka wata babba, ta ɗinka ta sak irin ta farko, a wanke ta sau goma don ta koɗe, a ninke a ajiye a akwati ana jiran jirgi. Riga huɗu aka yi haka, ba wadda aka sa ko sau ɗaya gaban kyamara. A ta biyar yadin ya ƙare. Matar ta haɗa gaba da ragowar ƙyallaye, bayan kuma ta cike da wani yadi daban, tunda kyamara gaba za ta gani. Da ta cire ta daga keke ta ce, "Baban Giɓi, wannan ita ce ta ƙarshe. Ko zare ɗaya bai rage ba."

Ana nan, wata safiya mai gadin tasha ya leƙo shago. Dattijo ne da ya shekara shida yana gadin tashar da ba abin da ke shigarta sai awaki. Ya ce an turo masa saƙo. An tallafe gadar, za a turo jirgin gwaji, kan jirgi ɗaya da taragu takwas na kaya, ranar Laraba nan da mako uku, ƙarfe goma na safe. Ba zai tsaya ba, wucewa zai yi.

"Sau nawa zai wuce, Baba?" in ji Darakta.

"Sau ɗaya. Ta wani layin zai koma. Kuma ni dai na ji ƙishin-ƙishin sabon layi za a ja ta bayan gari, a rufe tashar nan. In kana da abin yi, ka yi shi ranar."

Darakta bai ma rufe shago da kyau ba ya yi gida. Giɓi ta dawo daga makaranta ke nan, ya sa aka ciro rigar daga akwati. Shekararta goma sha uku yanzu, ta kusa kamo uwarta a tsawo. Ta shiga ɗaki ta saka, ta fito tana rarriƙe numfashi. Zif ɗin baya ya hau rabi ya tsaya. Kafaɗu sun matse, hannun rigar ya kama damtsenta. Rigar bara ce, kuma yarinyar ta bana ce. Uwar ta ce ta je ta cire kafin ta yage.

Da yarinyar ta shige, Darakta ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Yarinyar nan ta kashe ni," ya ce. "Ga kumatu, ga kafaɗa. Wa zai yarda ita ce ta cikin fim ɗin? Da ma ta tsaya yadda take, ko da shekara ɗaya ce."

"To in ɗora mata dutse a ka ne?" in ji matar. "Mutane suna roƙon Allah ya raya musu, kai kana kukan an raya maka. Ka ji tsoron Allah, Baban Giɓi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Shekara shida nake jinsa."

Ya ga inuwa ta gitta ta ƙasan labule, ya san Giɓi ce, ya kuma san ta ji. Ya yi niyyar ya kira ta ya ce wasa yake yi. Sai tunanin batir ya faɗo masa, cewa ɗayan ya daina riƙe caji, ya tashi ya fita neman wani.

Makonni ukun nan gidan ba mai lokacin wani. Matar ta karɓi ɗinkin kayan makaranta guda sittin, tun safe ƙafarta na kan keke, sai dai ta dafa ta zuba wa kowa ta koma. Giɓi kuwa ta fito da sabon hali. Da safe ta ce za ta ci a makaranta. In ta dawo ta ce ta ci a gidan ƙawarta. Wata rana da la'asar Darakta ya shigo ɗaukar caja, ya hango ta a bayan ɗakin girki tana juye wa kajin maƙwabta shinkafarta, ta kawo kwanon ta ajiye a wurin wanke-wanke. Suka haɗa ido. Ya ɗauki cajarsa ya fita. Ya ce a ransa halin yara ne, wata rana su ci wata rana su ƙi. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ya ga kumatun sun faɗa, fuskar ta ƙanƙance, idanun sun fito irin na da. Abin kunyar shi ne daɗi ya ji. Ana saura kwana biyu aka sake gwada rigar, zif ya hau har wuya.

"Kin gani ko?" ya ce wa matar. "Da ma rigar ce ba ta saki ba."

Ta ɗago daga kan keke ta dubi yarinyar, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga mai kayan makaranta yana sallama a ƙofa.

Saura tsawo, shi kuwa yunwa ba ta rage shi. Ranar Talata Darakta ya ari diga da shebur, shi da Mai Aski suka tafi tasha. Dakalin siminti ne, amma gindin turken ƙasa ce. Dabarar ita ce a haƙa rami ta tsaya a ciki, kanta ya koma ƙasan farin fentin da yatsu huɗu, kyamara kuma ta ɗauko daga ƙirji zuwa sama. Ƙasar ta yi tauri, ga tsakuwar layin dogo, sai da suka yi awa uku.

Mai Aski ya jingina da shebur yana haki. "Ni dai tunda nake ban taɓa jin inda aka binne yarinya don ta koma ƙarama ba. In ta kai shekara ashirin rijiya za mu haƙa ke nan?"

"Ka yi haƙa, surutu ba ya cika fim."

"Aboki, tsakani da Allah, ka dubi yarinyar nan kuwa kwanan nan? Jiya ta wuce ta gaban shagona, sai da na sake dubawa kafin na gane ta."

"Ai abin da ake so ke nan," in ji Darakta, ya shiga ramin ya gwada. Ya kai masa gwiwa.

Ranar Laraba tun tara da rabi sun shirya. Matar ba ta zo ba, ranar za ta kai ɗinki. Darakta ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya yanka baƙin salatif ƙanana guda biyu, ya goge wa Giɓi haƙoran gaba da ƙyalle, ya liƙa. Daga nesa sai ka rantse giɓi ne. Ya riƙe hannunta ta sauka cikin ramin. Ya leƙa kyamara. Ga ta nan. Ga turke, ga fenti, ga 'yar yarinyarsa mai shekara bakwai da ya yi shekara shida bai gani ba. Idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, na yi kama da ita?" ta ce.

"Kin yi. Kada ki yi magana da yawa, salatif zai ɗago. In kin ji jirgi ki kalli can, ki ɗaga hannu a hankali, kada ki sauke sai na ce kat. Sau ɗaya ne, Giɓi. Ba maimaici."

"To, Baba."

Mutane sun taru, don labari ya zaga gari. Masu babur, 'yan kasuwa, har mai sayar da fenti ya rufe shago ya zo ganin ƙarshen fim ɗin Darakta. Mai gadi ya kora su bayan ginin tasha don kada su shiga hoto. Goma ta yi, ba jirgi. Sha ɗaya ta yi. Wani ya ɗaga murya ya ce ai jirgin ma jira yake fim ɗin ya fito, aka kwashe da dariya. Kafin sha biyu an fara watsewa, kowa ya kama gabansa, aka bar su su huɗu da awaki.

Rana ta take. Wurin ba inuwa, kuma ba damar a riƙa mata lema, don jirgin daga bayan kwana zai ɓullo, tsakanin jin ƙararsa da isowarsa bai fi minti ɗaya ba. Mai Aski ya ce a fito da ita ta huta. Darakta ya ce in ta fito sai an sake saita komai. Mai Aski ya miƙa mata gorar ruwa, Darakta ya ce ta ɗan jira, in bakinta ya jiƙe salatif ɗin ba zai sake kamawa ba, kuma bai taho da wani ba. Ya tambaye ta ko za ta iya. Ta gyaɗa kai. Me za ta ce? Gumi ya jiƙa wuyan rigar, daga baya ma gumin ya daina fitowa. Ya ga leɓenta ya bushe ya yi fari, ya ce a ransa wannan ita ce gajiyar da yake nema tun farko.

Ɗaya da rabi ta gota mai gadi ya dafa ƙarfen dogo ya ce, "Ga shi nan."

Ƙasa ta fara rawa. Darakta ya danna kyamara ya ce akshin. Giɓi ta juya ta kalli kwana, ta fara ɗaga hannu. Hannun ya kai kafaɗa. Sai gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale cikin ramin, kanta ya bugi gefen turken. Jirgin ya shigo da ƙara kamar zai tsaga kunne.

Abin da Darakta ya iya tunawa shi ne ya ruga ya ciro ta. Ya tuna nauyinta a hannunsa, ba nauyi ko kaɗan, abin ya ba shi tsoro. Ya tuna Mai Aski yana tuƙa babur, shi yana baya rungume da ita, jini yana ɗiga daga gefen goshinta. A ƙaramin asibitin garin aka ɗinke goshin, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Nas ɗin, wata mace mai ƙiba da ba ta da wasa, ta ɗaga hannun yarinyar ta duba, ta dubi Darakta.

"Kai ne uban? Yaushe rabon yarinyar nan da abinci?"

Daidai nan matar ta shigo, da zaren ɗinki a jikin mayafinta. Ta ji tambayar. Ta tsaya ta dubi 'yarta a kan gado, wuyan hannu kamar sillen kara, ta dafa bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni ina kan keke. Ni ce ban duba ba." Darakta ya ji ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ya kuma bar ta da shi. Mai Aski ya ajiye jakar kyamara a bakin ƙofa, ya tafi ba sallama.

Washegari da hantsi matar ta aike shi gida ya ɗauko zani da kofi. Ya rataya jakar kyamarar ya fita. Hanyar gida ta gaban shago take bi. Ya ce minti biyar kawai. Ya rufo ƙofa, ya zare katin kyamara ya saka a kwamfuta, ya sa abin jin sauti a kunne.

Ga turke, ga Giɓi. Fuskar nan, bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irinta ba. Hannu ya fara tashi. Sai ta yi ƙasa ta fice daga hoton gaba ɗaya, tun kan jirgin bai shigo ba. Ko ƙiftawar ido ba su haɗu a hoto guda ba. Turke ne kawai tsaye, jirgi yana wucewa a bayansa. Shekara shida sun tafi a banza, bakin alƙalami ya bushe. Ya zauna yana kallo, yana jiran ya ga bayansa ya shigo hoton da gudu.

Tarago na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Ba wanda ya shigo. Sai ya ji muryar Mai Aski, kusa da makirufo: "Ta faɗi. Kai, ta faɗi." Hoton ya ɗan girgiza, kamar wani ya yunƙura an riƙe shi. Sannan ya ji wata murya da ƙarfi, ta fi ƙarar jirgin, kuma tasa ce.

"Bar ta. Kada ka shiga. Bari ya wuce."

Tarago na biyar, na shida. Har kyamarar ya ɗan juya ta bi jirgin, a hankali, hannu bai ko girgiza ba. Sai da na takwas ya fice sannan aka ga mutum ya shigo da gudu, Mai Aski ne ma a gaba, shi yana baya. Ya duba lambobin ƙasan allo. Daƙiƙa ashirin da shida.

Ya mayar baya ya sake ji, ko kunnensa ne. Ba kunnensa ba ne. Wallahi bai tuna ya faɗa ba, amma ga shi nan. Kuma hoton ya riga ya lalace tun kafin ya faɗa, idonsa na kan kyamara, ya gani. Ba abin da yake karewa. Hannunsa ne kawai ya saba, in kyamara tana ɗauka ba a shiga gabanta. Ya ji ya tsani kansa tsana mai tsanani, ya ji tsoro kuma, don ya san in matarsa ta ji wannan, zaman aurensu ya ƙare. Ya ware sautin daga hoton ya goge shi, ya goge na kan katin ma. Mai Aski ba zai faɗa ba, ya san halinsa, sai dai ba zai ƙara riƙe masa sanda ba. Ya ce a ransa maganar ta mutu ke nan. Ya kulle shago ya je ya ɗauko zani, ya manta kofin.

Ya tarar matar ta fita karɓo abinci. Ɗakin gado huɗu ne, biyu ba kowa, ɗaya wata tsohuwa ce tana barci. Giɓi ta farka, an ɗan tayar da kanta da filo, ga farin bandeji a goshi. Ya jawo kujerar roba ya zauna, ya rasa ta inda zai fara. Ita ta fara.

"Baba, ka duba?"

"Ki bar wannan maganar. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Baba, ka yi haƙuri. Na so in riƙe hannun, sai na ga duhu."

"Ba laifinki ba ne."

"Amma ban ɓata maka sauran ba," ta ce, tana ɗan murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba masa. "Da na faɗi ban suma duka ba, ina jin komai. Na so in kira ka, kaina yana zafi. Sai na ji ka ce a bar ni. Shi ya sa na yi shiru ban motsa ba har jirgin ya wuce, don kada in shiga hoton. Ya yi kyau?"

Ya dubi robar ƙarin ruwan, ya dubi ƙasa. Yarinya ta yi mako uku da yunwa, ta kwanta cikin rami da fasasshen kai ta yi shiru saboda shi, shi kuwa ba shi da abin da zai ba ta ko na daƙiƙa ɗaya.

"Ya yi kyau," ya ce.

Ta lumshe ido, ta saki ajiyar zuciya. "To alhamdulillahi. Yanzu zan iya cin abinci ko?"

Sai ya ji tsayuwar mutum a bayansa. Matar ce a bakin ƙofa, riƙe da kwano a cikin leda. Bai san tun yaushe take wurin ba, amma da ya ga fuskarta ya san ta ji abin da ya isa. Ta ratsa ta gefensa, ta ajiye kwanon a kan ɗan teburin, ta buɗe, ta goge cokali da gefen mayafinta. Ba ta dube shi ba.

"Tashi min daga kujerar," ta ce a hankali. "Zan ba 'yata abinci."

Ya tashi. Ya tsaya riƙe da zanin, ba wanda ya karɓa. Can ya ajiye shi a ƙarshen gadon ya fita baranda, inda masu jinya suke zaune a kan benci, wani ya matsa masa ya zauna.